Kafin Ki Sayi Kwalbar Farko: Wane Jel Za Ki Koyi Gyaran Farce Da Shi?

Yawancin masu tasowa da ke tambayata wane jel za su koya, sunan kamfani kawai suke so in ambata, su je su saya a wuce wurin. Ba na ambatawa, kuma ba rowa ba ce. Abin da za ki zaɓa, ƙanwata, tsari ne sukutum: ruwan cire maiƙon farce, shafin ƙasa, jel ɗin gini, kala, shafin sama, da fitilar da za ta daskarar da su, duk daga gida ɗaya, waɗanda aka gwada su tare kafin su fito kasuwa. Ni da na fara ban san haka ba. Tsintar kaya na yi ta yi, wannan daga nan, wancan daga can, kuma fatar yatsuna ce ta biya kuɗin karatun.

Jel ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai laushi, wanda ake shafawa kamar jan farce a sa a fitila, irin Shellac da kamfanin CND ya fito da shi a 2010, da Gelish, da GelColor na OPI. Siriri ne, ba ya ƙara tsawo, kuma asiton, ruwan da ake cire jan farce da shi, yana cire shi cikin minti 10 zuwa 15. Akwai mai tauri, wanda ake gina dogon farce da shi a kan takardar da ake sakawa ƙarƙashin bakin farce. Wannan ko kwana ya yi cikin asiton ba abin da zai same shi, sai dai a goge shi da magogin farce. A tsakaninsu akwai jel ɗin gini na kwalba, irin BIAB na The GelBottle, mai ƙara wa farcen mutum ƙarfi, kuma yawancinsa asiton na cire shi. Sai PolyGel da Gelish ta fitar a 2017, mai kauri, ana matso shi daga bututu, ba ya malala sai inda buroshi ya kai shi. Sai faratan da aka riga aka ƙera da jel ake manna su gaba ɗaya, irin Gel-X na Aprés. Akirilik kuwa, na ruwa da hoda, wani fage ne daban, ba ya buƙatar fitila.

Ni mai taurin na fara ɗauka, don shi ne ke yin kyau a hoto. Dogon farce, siriri, yana ƙyalli. Alhali a lokacin hannuna bai iya ko share fatar da ke manne a gindin farce da kyau ba. Duk abin da na gina sai ya ɗago daga gindi kafin mako ya zagayo, ni kuma sai in ɗauka ban karce farcen sosai ba ne, in ƙara dirzawa da magogi mai kaushi. Wata rana na cire wa wata baiwar Allah aikin da na yi mata, na ga farcenta ya yi ja-ja-ja a tsakiya, ya yi sirara har yana lanƙwasa idan aka taɓa. Da na sa mata sabon jel ta zura hannu a fitila, sai ta fizge shi da sauri tana yarfewa. Jel yana fitar da zafi lokacin da yake daskarewa, kuma farcen da aka cinye kaurinsa ba shi da abin da zai tare zafin daga naman da ke ƙasa. Ba ta ce mini komai ba, amma ba ta dawo ba.

Shi ya sa nake cewa ki fara da mai laushi tare da jel ɗin gini na kwalba, na kamfani ɗaya. Kuskurenki a nan yana gyaruwa da auduga da asiton, ba sai kin kai magogi kusa da farcen mutum ba. A nan za ki koyi abubuwan da duk wani tsari ya dogara da su: gyara gindin farce, dusashe ƙyallinsa da magogi mai laushi, lamba 180 ko 240, ba 100 ba, barin ɗan siririn fili tsakanin jel da fata, rufe bakin farce, da ajiye tozo, wato wurin da ya fi kauri, a daidai inda farce ke ɗaukar nauyi idan ya bugi wani abu. Wadda ta iya waɗannan, ƙara tsawo ba zai ba ta wuya ba daga baya. Taura biyu ba ta taunuwa, ki bar dogon farce ya jira.

Maganar fitila ita ce ta fi cin raina, don a nan na fi yin ɓarna kuma na fi daɗewa ban gane ba. Na sayi fitila mai araha, an rubuta mata wat mai yawa a jikin kwali, an ce tana yi wa kowane jel. Lambar wat ɗin nan wutar da fitilar ke ja take nunawa, ba hasken da ke isa kan farce ba. Abin da ke cikin jel shi ne wani sinadari da ke kama haske ya tayar da daskarewa, kuma kowane irinsa da zangon hasken da yake amsawa. Da nanomita ake auna zangon: wani yana son wajen 365, wani wajen 405. Kamfanin da ya san abin da yake yi yana auna jel ɗinsa da fitilarsa, zango da ƙarfi da daƙiƙoƙi, kamar kwado da makullinsa. Makullin wani gida yana iya shiga, har ya ɗan juya, amma ƙofar ba ta buɗu ba.

Abin da ke yaudarar mutum shi ne jel yana yin tauri tun kafin ya gama daskarewa. Ki ƙwanƙwasa ki ji ƙwas, ki goge ya yi sheƙi, kwastoma ta tafi tana murna, alhali a ƙasa, wajen da ke taɓa farce, akwai sinadarin da bai haɗe ba. Kala mai duhu da farar da ba ta nuna abin da ke ƙasa sun fi wannan matsala, don suna tare haske, balle an lafta su da kauri. Babban yatsa ma haka, don yana kwanciya a gefe, hasken bai same shi sosai ba. Bayan makonni ta dawo, ki goge, ƙurar wannan ɗanyen jel ta zuba a hannunki da nata. Ita sau ɗaya take zuwa a makonni biyu ko uku. Ke kuwa kullum kina cikinta.

Nawa ciwon fatar ya fara ne da ƙaiƙayi a kan yatsan nuni da babban yatsa na hagu, waɗanda nake riƙe yatsan kwastoma da su. Na ce bushewa ce, na shafa mai. Sai wasu ƙananan ƙuraje masu ruwa suka feso a gefen farce, fatar ta tsattsage tana saɓulewa, daga baya fatar idona ta kumbura, don ina sosa ido da hannun aiki. Likitan fata ya manna mini gwaji a baya, sakamako ya nuna jikina ya yi wa HEMA bore, wani sinadari da ake sawa a jel. Shi HEMA ƙwayarsa ƙarama ce ƙwarai, shi ya sa yake sa jel ya kama farce da kyau, shi ya sa kuma yake ratsa fata cikin sauƙi. Ba fitila kaɗai ta ja mini ba. Ina goge jel ɗin da ya malala kan fata da farcena. Ina share danƙon da ke saura a sama bayan fitila, wanda iska ke hana shi daskarewa, da auduga ɗaya a yatsu goma, ina shafa shi a fatar mutane. Safar hannu kuwa sai na ga dama.

Ki ji wannan da kyau: idan jiki ya yi wa waɗannan sinadarai bore, ba ya komawa yadda yake. Kuma abin bai tsaya a farce ba, don danginsu ne ake amfani da su a farin cikon haƙori da simintin da ake kafa gaɓar roba da shi a aikin ƙashi. Ƙungiyar likitocin fata ta Birtaniya ta yi gargaɗi a kan yawaitar wannan matsala tun 2018, ta sake yi a 2023. Tarayyar Turai ta taƙaita kayan farce masu HEMA ga ƙwararru kawai daga 2021, sannan daga 1 ga Satumban 2025 ta haramta TPO, ɗaya daga cikin sinadaran kama haske, a kayan kwalliya. Ko ba a can kike aiki ba, wannan ya shafe ki, don kamfanoni sun canza haɗinsu, kuma kwalbar da aka saya kafin dokar ba lalle ta zama daidai da ta bayanta ba. Rubutun "babu HEMA" a jikin kwalba kuma kada ya sa ki saki jiki. An maye gurbinsa ne da wasu 'yan uwansa, su ma suna iya tayar da fata idan suka taɓa ta ɗanye. Ni har yau ina aiki, amma da safar hannu mai kauri ta robar da ake kira nitiril, ina canzawa ga kowace kwastoma, kuma da zarar jel ya taɓa ta na cire. Ta roba mai laushi sinadarin yana ratsa ta cikin 'yan mintuna.

To da me za ki auna kamfani? Ki nemi takardar bayanin sinadarai da kariya ta kowane kaya. Kamfanin kirki zai ba ki ba tare da ja-in-ja ba. Wanda ya fara kwana-kwana, ko kwalbarsa ba jerin sinadarai, ba adireshi, ba lambar rukunin da aka yi ta, ki bar masa kayansa. Ki tambaya wace fitila aka gwada jel ɗin da ita, daƙiƙa nawa ga kowane shafi. Ki tabbatar akwai dillali amintacce da za ki riƙa samun kayan a wurinsa a kai a kai, don ranar da shafin ƙasa ya ƙare ba ki samu ba, ranar za ki fara gauraye, kuma jabu sun cika kasuwar intanet, har da kwali mai kama da na asali. Yawan kala shi ne na ƙarshe. Na taɓa cika kanta da kwalabe, mafi yawansu suka yi kauri a ajiye, mutane na ta neman 'yan kalolin da suka saba.

Mai koyarwa ma ki zaɓe ta kamar yadda kike zaɓen kayan. Na taɓa biyan wani horo na kwana ɗaya, muna da yawa a ɗaki, malamar tana gaba tana yi muna kallo, aka miƙa mana takardar shaida da jakar kaya. Sai daga baya na gane kayan aka tara mu a sayar mana. Ki nemi wadda za ta tsaya a kanki, ta riƙe hannunki ta gyara miki kwanciyar buroshi, ta sa ki cire abin da kika yi ki sake. Ki tambaye ta awa nawa aka ware wa cirewa da ciko, wato cike wurin da farce ya tofo, da sanin farcen da bai kamata a taɓa ba: wanda ya rabu da nama, ko ya yi kore saboda danshin da ya maƙale ƙarƙashin jel ɗin da ya ɗago. Idan ta ce waɗannan ai za ki koya a bakin aiki, to a kan farcen mutane take nufi. A wasu ƙasashe ma kamfanin inshora ba zai tsaya miki ba idan ba ki da shaidar horon da aka amince da shi, ko kika saɓa wa umarnin mai kayan.

Wajen gwaji kada ki mai da hannunki allo, ki shafa ki cire ki sake shafawa a mako guda. Ki samu hannun roba na koyo. Idan kin koma kan mutane, hoton ranar farko ba ya gaya miki komai, kowane jel yana kyau a ranar. Ki roƙi wadda kika yi wa ta dawo bayan mako uku, lokacin da farce ya tofo kamar milimita biyu, ki duba da idonki. Idan ya ɗago daga gindi, shiri ne bai yi ba ko jel ya hau fata. Idan daga baki ne, ba ki rufe bakin ba, ko farcen mai laushi ne yana buƙatar shafin ƙasa mai lanƙwasa tare da shi. Idan ya yamutse ko kika ji shi da taushi a ƙarƙashin magogi, kauri ya yi yawa ko fitila ta gaza. Ki rubuta abin da kika gani, ki canza abu ɗaya kacal a zuwa na gaba. Idan kika canza shafin ƙasa da fitila da magogi a lokaci guda, ko aikin ya gyaru ba za ki san wanne ne ya gyara shi ba.