Talata, bayan taron kwamiti

Taron yau ya cinye mana yamma ɗungurungum. An fara a makare kamar kullum. Shugaba ya karanto sunayen yaran da aka ce sun fara bin 'yan daba, kowa na girgiza kai, har aka zo kan autan Goggo. Gabana ya faɗi. Shekararsa 13 fa.

Shawara kuwa kowa da tasa. A ƙara 'yan sintiri, a hana zaman dare, a miƙa sunayen ga 'yan sanda. Can daga baya Mai Walda ya ɗaga hannu, shi da ba ya magana a taro. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a cikinku wa ya san inda yaron nan yake kwana?" Wuri ya yi tsit.

Ya ce su a zamanin da suke daba ba da wuƙa suke jawo yaro ba. "Aike ne farko. Ka aike shi, ka bar masa canji, ka kira sunansa a gaban mutane. Ran da wani ya mare shi ka tashi ka rama masa. Shi ke nan ya zama naka. Ƙwaya da makami daga baya suke zuwa, lokacin ya riga ya ga ba shi da kowa sai kai." Ya roƙi a bar shi ya riƙa zama da yaran, waɗanda suka yarda ya koya musu walda.

Sai Shugaba ya ce, "Kai da ka fito daga ciki jiya-jiya za mu damƙa wa 'ya'yanmu?" Wasu har da dariya. Mutumin ya koma ya zauna, bai sake cewa uffan ba.

Wannan dariyar ce take ta cina. Na tashi na ce a birnin Shikago na Amurka, a shekarar 2000, wani likita Gary Slutkin, wanda ya yi aikin yaƙi da annoba a Afirka, ya fara shirin da ke ɗaukar tashin hankali a matsayin cuta mai yaɗuwa. Kuma irin su Mai Walda ya ɗauka aiki, tubabbun 'yan daba, don su ne ke jin ƙishin-ƙishin ɗin ramuwar gayya kafin a zubar da jini, su ne kuma yaran ke saurara wa. Shugaba ya ce can Amurka ne. To, yaro mai neman wanda zai tsaya masa a ko'ina ba ɗaya ba ne?

Ban ce tsoronsu ba shi da dalili ba. Tuba kan warware. Amma sintiri da dare yake yi, su kuwa yaran da rana tsaka ake aikensu.

An ɗage magana sai mako mai zuwa.

Kaina na sarawa. Takardun jarrabawa na nan jibge ban taɓa ba, Yaya kuma ya sake tafiya da cajata.

Goggo ta kira tana tambayar me aka yanke. Na ce mata gobe zan biyo, mu je wurin Mai Walda tare da yaron, ko kwamiti ya yarda ko bai yarda ba.