Tsohuwar kwamfuta in ta shigo hannunka, buɗe cikinta kafin ka jona wuta

Ni dai ta farkon da na fara samu da hannuna na kusa kashe ta, kuma har yau in na tuna sai raina ya sosu. Commodore 64 ce, na gan ta a wajen wani mai gwanjo cikin tarin rediyoyi da bidiyo, shi ya ɗauka kibod ne kawai wanda ya rabu da uwarsa, bai san kwamfutar gaba ɗayanta tana ciki ba. Na'urar da ta fito tun 1982 fa, ƙwaƙwalwarta 64KB. Ina zuwa gida ko takalmi ban cire ba na jona, sai naji taransifomar ta yi wani gurnani, wari ya tashi. Ashe 'yar Amurka ce, wutar 110 take ci, tamu kuma 220 zuwa 240 ce, kuma rubutun na nan ɓaro-ɓaro a ƙasan akwatin wutar, ɗoki ne ya hana ni juyawa in duba. Wata biyar na yi kafin ta dawo, sai da aka canza fiyus da 'yan cif ɗin RAM, wato ƙwaƙwalwarta, guda biyu, aka haɗa mata sabon akwatin wuta mai ba da 5V da 9V. Daga baya ma na gane ko da 'yar 220 ce bai kamata in yarda da tsohon akwatin ba, don in ya tsufa 5V ɗin nan hawa yake yi a hankali har ya gasa RAM ba tare da ka sani ba. Ranar da allon ya fito ya rubuta 38911 BASIC BYTES FREE, a talabijin ɗina ba kala ya nuna don ita tsarin talabijin na Amurka take bi, NTSC, mu kuma namu PAL ne, amma wallahi na fi minti goma a zaune ina kallon ɗan murabba'in nan yana ƙiftawa.

Galibin abin da nake samu yanzu daga hannun 'yan gwangwan ne. Su a kilo suke saye, su fasa, tagulla gefe, alminiyon gefe, bod ɗin kuma akwai masu sayensa daban saboda ɗan zinaren da ke jikin ƙafafuwan cif. Ban ga laifinsu ba, neman halal suke, amma in ka makara da awa ɗaya guduma ta riga ka. Na bar wa mutum uku lambata, nace duk abin da suka ga yana da ramin filofi, wato faifan ajiyar bayanai na da, kar su fasa, zan biya sama da kuɗin kilo. Ɗayansu kullum cewa yake, "Yallaɓai wai me kake yi da wannan tarkacen ne?" amma dai yana kira.

Wadda ta fi min kowacce daraja kuma ba saya na yi ba. Kawuna ya yi bizines santa a shekarun 1990, buga furojek ɗin ɗalibai da wasiƙun neman aiki, da ya rufe shagon sai ya tura kayan sito. Da yaji abin da nake yi ya kira ni yace, "Zo ka kwashe kafin yaran nan su sayar, firintar ma ban san sanda ta fita ba." 486 DX2 ce mai gudun 66MHz, RAM 8MB, DOS da Windows 3.11. Wannan karon ban jona ba, sukurdireba na fara ɗauka. Ina buɗewa naga sheƙar ɓera a kan filofi diraib, wannan mai sauƙi ne, abin da ya faɗar min da gaba shi ne batirin agogo. Kwamfutocin lokacin da yawa akwai wani ɗan batir mai kamar ganga, 3.6V, a like da dalma kusa da inda ake jona kibod, in ya shekara ashirin sai ya fara tsiyaya, ruwan ya bi siraran hanyoyin tagullar nan yana ci, ka ga wani kore-kore da fari kamar kanwa. Na Kawu ya ci wajen faɗin tafin yaro.

Na yanke batirin da fulaya na yar. Abin da ke zubowa ɗin dangin kanwa ne, shi ya sa ruwan khal ke kashe shi, sai na riƙa ɗigawa ina gogawa da tsohon buroshin haƙori yana 'yar kumfa, bayan nan na wanke da sifirit na bar shi kwana biyu a inuwa. Sai aikin mitar gwada wuta, hanya ɗaya bayan ɗaya, in ta yi ƙara lafiya in ta yi shiru ta yanke. Huɗu suka yanke, biyu na kibod ne. Wani abokina mai gyaran waya shi ya ɗinke su da siririyar waya don hannunsa ya fi nawa tsayuwa. Kuma dan Allah kar wani ya ɗauko batirin kwabo ɗin nan CR2032 ya lika a gurbin kai tsaye, bod ɗin caji yake turawa, shi kuma ba a yi shi don caji ba, sai an sa dayod, ɗan abin da ke hana wuta komawa baya, a tsakani.

Ta tashi, ta ƙirga RAM, sai tace ba ta ga had dis ba. Nan ma na ɗan tsorata, ashe tunda batir ya mutu BIOS, wato 'yar manhajar da ke tada kwamfuta, ta manta komai, sai ka shiga da kanka ka rubuta mata silinda nawa, hed nawa, sekta nawa, duk suna jikin takardar da ke manne a kan dis ɗin. Ina ajiyewa naji ƙarar nan ta ƙar-ƙar-ƙar, alamar DOS ta C:\> ta fito. Ban tsaya wasa ba, don dis ɗin da ya kwanta shekara ashirin zai iya tashi yau gobe ya ƙi, kwafe komai na fara yi zuwa katin CF, wani irin katin memori, shi da ɗan adafta kawai yake shiga layin IDE, inda ake jona had dis, kwamfutar ta ɗauke shi kamar had dis. Furojek ɗin mutane ban buɗe ba, ba nawa bane, amanar Kawu ce. Amma akwai fayil ɗaya da shi da kansa yace in nema, tarihin gidanmu da Kaka ya riƙa faɗa Kawu yana bugawa kafin rasuwarsa, shafi 31, daga inda kakanni suka taso, wa ya haifi wa, gonar wa ke ina. Na buɗe a laftof sai naga duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ suke wasu alamomi ne suka fito. Kafin tsarin haruffa na bai-ɗaya, wato Unicode, ya yaɗu, da font na musamman ake buga haruffa masu lanƙwasa, irin su Rabi'at da Abdalla da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙira, in font ɗin baya kan na'urarka rubutun ya hargitse. Da na kwaso font ɗin daga WINDOWS\SYSTEM na tsohuwar sai komai ya zauna daram. Ka ga da fayil ɗin kaɗai na ɗauka na bar sauran, da na sha wahala.

Ajiya kuma, abokan gabarmu a nan ƙurar hunturu ce da zafin bazara da danshin damina. Ina rufe su da zanin gado, leda tana sa su gumi, ba na ajiyewa a ƙasa, kuma ba wadda ke shiga ɗakin da batir a cikinta. Filofi nesa da sifika saboda maganaɗisu, wanda ya yi fumfuna kar ka sa shi a diraib zai ɓata hed ɗin. Monita mai ƙeya ba na buɗewa sam, tana riƙe wuta mai kisa ko an cire ta daga soket, mai gyaran talabijin nake kaiwa. Masu shafa sinadari su shanya a rana don robar ta koma fara, ni ban yi ba kuma ba zan yi ba, bayan 'yan shekaru rawayar dawowa take, kuma ni launin nan bai taɓa damuna ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce na ɗauko Kawu ya zo ya gani. Ya zauna, ya gyara tabarau, ya buga WP, shuɗin allon manhajar rubutu ta WordPerfect 5.1 ya fito, ban ce masa komai ba naga yatsunsa sun tafi Shift da F7 da kansu, wato a buga a takarda. Ya ɗan yi shiru, sannan ya juyo yace, "To ina firintar?" Epson LX-300 ce mai ribon, na riga na tura wa mutanena uku hotonta.