Godiya ga duk waɗanda suka karɓe mu a zagayen mazaɓa

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Alhamdulillahi, jiya da yamma muka kammala zagayen da muka shafe makonni 7 muna yi a faɗin mazaɓarmu tare da ɗan takararmu na majalisa. Ni ne mai riƙe da jadawalin tafiye-tafiyensa. Wato ni ne kuka yi ta bugo wa waya kuna tambayar ko muna tafe, ni ne kuma nake ce muku "ga mu nan a hanya" alhali ko mota ba mu tayar ba. Maigida zai yi tasa godiyar, amma akwai wadda daga bakina ya kamata ta fito, haɗe da neman afuwa.

Zan fara da wani dattijo da muka haɗu da shi a zamanmu na biyu. Ba zan kama sunansa ba, don na san ba zai so ba. Mun je da dogon jawabi cike da alkawura, maigida ya karanta, aka yi tafi. Sai Baba ya miƙe da sandarsa ya ce, "Ɗana, hanyar nan da ka ce za ka yi mana, da hannunka za ka yi ta ko da bakinka?" Wurin ya yi tsit. Ni kam na so ƙasa ta tsage in shige. Maigida ya ɗan yi jim, sannan ya faɗi gaskiya: ɗan majalisa ba shi ke ba da kwangilar hanya ba. Aikinsa shi ne yin doka, da tantance kasafin kuɗi kafin a amince da shi, da bin diddigin yadda ɓangaren zartarwa ya kashe abin da aka ware, da kai kukan mazaɓarsa zauren majalisa. Abin da zai iya shi ne ya yi faɗa a saka hanyar a kasafi, in an saka ya hana ministan da abin ya shafa barci har sai an yi ta. Wasu sun ɓata rai, na ga waɗanda suka tashi suka fice. A daren nan muka yaga jawabin. Daga ranar, duk inda muka je minti 10 kawai yake yi yana magana, sauran lokacin na jama'a ne. Baba, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Iyayenmu mata, na gode. Ku ne kuka fi kowa cika wuri, ku ne kuma kuka fi kowa tsare mu da tambaya. Wata Mama ta ce duk zaɓe mata ne ke tsayuwa a layi tun da asuba, amma in aka leƙa zauren majalisa sai a ƙirga su da yatsu. Wata malama da ke gefenta ta kawo misalin Ruwanda, inda kundin tsarin mulkin 2003 ya ware wa mata aƙalla kashi 30 cikin 100 na kujerun yanke shawara, yau kuma sun haura kashi 60 a majalisar wakilan ƙasar. Sai ta juya ta tambayi maigida ko mata nawa ne a kwamitin yaƙin neman zaɓensa. Amsar ba ta yi daɗin faɗa ba. Mun gyara tun a makon, kuma ina shaida muku cewa tun da aka gyara muka rage zuwa taro a makare.

Malaman makaranta sun zo mana da takardu a hannu, kamar masu shiga aji. Sun tuna mana yarjejeniyar da ƙasashen duniya suka cimma a birnin Incheon na Koriya ta Kudu a 2015, cewa a riƙa ware wa ilimi kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na abin da gwamnati ke kashewa. Buƙatarsu ɗaya ce: ranar muhawarar kasafi, ya tashi ya faɗi wannan adadin da bakinsa, ya kuma faɗi nawa aka ware a zahiri. Ya amsa a gaban shaidu, ni kuma na rubuta.

Ranar gudummawar jini ita ce ta fi tsaya mini a rai. In faɗi gaskiya, mun shirya ta ne da tunanin hoto. Muna isa ma'aikaciyar jinyar da ke kula da wurin ta jera mu kamar kowa, aka auna nauyi, aka auna hawan jini, aka duba ko jinin mutum ya isa a ɗiba. Wanda bai kai kilo 50 ba ko bai cika shekara 18 ba, gefe. Maigida ya ba da leda ɗaya, wajen mililita 450. Ni kuwa na'ura ta nuna hawan jinina ya haura 140/90, aka ce in dawo wata rana a sake aunawa kafin a yanke hukunci. Na koma, kuma yanzu haka ina kan magani. Shekara nawa ina yawo da shi ban sani ba! Kafin mu fita ta gaya mana cewa jinin da aka ɗiba ba ya wuce kwana 35 zuwa 42 a ajiye, don haka taron rana ɗaya ba ya raba asibiti da ƙarancin jini, sai an samu masu dawowa duk bayan 'yan watanni. Matasan da suka ba da sunayensu a ranar don su riƙa dawowa, Allah ya saka muku da alheri. Ke kuma 'yar uwa, kin yi mini abin da ba zan iya biya ba.

Yanzu sai neman afuwa. Zaman da muka shirya da masu buƙata ta musamman, ni da kaina na kama zauren, kuma a hawa na biyu yake, babu hanyar keken guragu, ba mu kuma tanadi mai fassara da yaren kurame ba. Mun kira mutane su faɗi matsalarsu, sai muka zama mu ne matsalar. Ina tsaye ina kallo ana ɗaukar wani bawan Allah da kekensa ana hawa bene da shi, sai shugabarsu ta ce a sauke shi, ba wanda zai hau. A farfajiya muka yi zaman, maigida na zaune a kan dakali. Ta karanto mana sashe na 29 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu nakasa, wanda ya ce dole wurin zaɓe da kayan zaɓe su kasance waɗanda kowa zai iya kaiwa gare su ya yi amfani da su, a kuma kare sirrin ƙuri'arsa. Ba ta ɗaga murya ba ko sau ɗaya, da ma ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Laifin nawa ne ni kaɗai, ku yafe mini.

'Yan kasuwa da suka bar rumfunansu ana tsaka da ciniki, direbobin da suka saurare mu a tasha injin na kunne, manoman da suka zagaya da mu gonaki muka ga inda ruwa ya yi ɓarna, ƙungiyar matasan da muka yi aikin share magudanun ruwa tare, da 'yan ƙwallon da suka bar maigida ya buga bugun farko suka kuma danne dariyarsu, duk na gode. Haka shugabannin addinai da suka karɓe mu suka yi mana addu'a, suka kuma ƙi yarda a mai da wuraren ibada dandalin kamfe. A lokacin na ji haushi, yanzu na ga daidai suka yi.

Akwai kuma magoya bayan abokan hamayyarmu da suka zo tarukanmu, suka yi tambayoyi masu zafi, suka tafi lafiya. Wani ma ya taya mu kwashe kujeru, yana kwasa yana ce mini ƙuri'arsa dai ba tamu ba ce. Mun gode, ɗan uwa. In Allah ya ba mu, kai ma wakilinka ne.

Ga 'yan sa-kai, masu jera kujeru da masu janyo wayar lasifika da direbanmu da bai taɓa cewa ya gaji ba, ba ni da abin ba ku sai addu'a.

Duk koken da aka faɗa a zagayen nan yana cikin littattafai 3 da na cika da hannuna. Muna kan tace su, mu ware wanda aikin majalisa ne da wanda na ƙaramar hukuma ne ko na wata ma'aikata, don kowa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Da mun gama za mu wallafa, ko mun ci zaɓe ko ba mu ci ba. Unguwanni 2 da ruwan sama ya hana mu isa, ba mu manta da ku ba, zan kira dattawanku a makon nan mu sa rana.

Sannan wanda ya manta tabaransa mai baƙin firam a zaman malamai, yana wurina.

Wassalam.