Yadda na gyara raunin da jitata ta bes ta ji a gida

A wata safiya ta hunturu, ina tsaye a tsakar ɗaki da jitar bes rataye a kafaɗa, sai maɓallin da ke riƙe ɗamarar ya fizge daga jikin katako, jitar ta faɗi da gefenta a kan siminti. Irin wannan jita mai tsirkiya huɗu, wadda aka ƙera a kan siffar Precision Bass da kamfanin Fender ya fitar a 1951, nauyinta ya kai kilo huɗu, don haka faɗuwarta ba wasa ba ce. Wuyanta bai karye ba, alhamdulillahi, amma fenti ya ɓare a gefen ƙasa kamar faɗin farcen babban yatsa, kuma katakon da ya bayyana ya loɓa ciki.

Kafin in taɓa komai sai da na tantance irin fentin, domin shi ne ke nuna abin da zai kama da abin da zai ɓata aiki. Na kwance farantin ƙarfen da ke bayan wuya, na ɗiga ruwan goge jan farce a wurin da ido ba ya gani. Fentin tsoffin jitoci, wanda ake kira lacquer da Turanci, narkewa yake yi nan take, amma nawa ko gezau bai yi ba, wato irin mai taurin nan ne kamar roba, wanda ake yi wa yawancin jitoci masu rahusa. Irin wannan, sabon fenti ba ya narkewa ya haɗe da shi, cike ramin kawai ake yi.

Loɓawar kuwa wani dattijon kafinta na unguwarmu ne ya ba ni dabararta. Da na kai masa ya shafa wurin da yatsa, ya ce, "Yaro, wannan katako dannewa ya yi, bai gutsure ba, ruwa da zafi za su tashe shi." Na ce, "To Baba, ba zai ƙone ba?" Ya ce muddin tsumman yana da laima babu abin da zai same shi. Haka na jiƙa ƙyallen auduga, na ɗora a kan katakon, na danna ƙarfen dalma na masu gyaran rediyo na 'yan daƙiƙoƙi, na maimaita kamar sau biyar. Tururi ya kumbura katakon har ya kusa dawowa daidai, na bar shi ya kwana ya bushe, sannan na shafa baƙin fentin mota siriri da tsinke don ya ɓoye farin.

A wurin cikewa ne na yi garaje. Sufagulu ake amfani da shi, mai ruwa-ruwa, ɗigo bayan ɗigo, ni kuwa na tuttula shi gaba ɗaya. Irin wannan gam da danshin iska yake daskarewa, Kano kuwa a watan Janairu iska ƙeƙas take, sai sama ya yi ɓawo ciki yana nan ruwa, ƙurar hunturu kuma ta zauna a kai ta yi dabbare-dabbare. Dole na kankare na sake daga farko. A karo na biyu na riƙa ɗiga kaɗan da tsinken sakace, in kifa kwano a kai saboda ƙura, in ba shi wuni guda. Kwana huɗu na yi a haka har gam ya ɗan ɗara fentin tudu, tunda yana motsewa idan ya bushe.

Daga nan na ɗauki sabuwar reza na naɗe gefunanta biyu da salatif, na bar tsakiya kawai, ta yadda tudun gam za ta kankare ba tare da ta karce lafiyayyen fenti ba. Na bi da samfefa jiƙaƙƙiya da na sayo a kasuwar Ƙofar Ruwa, lamba 600, sai 1000, sai 2000, a naɗe jikin ɗan guntun katako don wurin ya miƙe, na ƙarasa da folish na mota. Wani aboki ya ba ni shawarar soson ƙarfe, na ƙi, domin maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya zai janye ɓurɓushinsa ya maƙale.

Maɓallin da ya jawo duk wannan wahala shi ne mafi sauƙin gyara, kuma da na kula tun lokacin da ya fara girgiɗi da ban kai ga haka ba. Ramin notin da ke riƙe shi ne ya buɗe, sai na tsoma tsinken ashana uku a farin gam na kafintoci, na cusa, na karye abin da ya yi saura, na mayar da notin, na bar shi washegari kafin in rataya. Ɗayan maɓallin na gindi ma na same shi ya fara sakwarkwacewa, shi ma na yi masa haka. Idan aka karkata jitar ga hasken taga ana iya hango wani siririn zobe a inda gam ya haɗu da tsohon fenti, amma yatsa ba ya jin sa, kuma ranar Asabar da na je atisaye a Sabon Gari sai da na nuna wa mai ganga wurin kafin ya gane.