Ranar da Malam ya dawo mini da sharhina a kan Emma

A shekarata ta uku a sashen Faransanci aka ɗora mana karatun Madame Bovary na Gustave Flaubert. Ban kai rabi ba na tsani Emma, matar da littafin ke ba da labarinta. Mijinta Charles likitan ƙauye ne, ba wayo gare shi ba, amma yana sonta tsakani da Allah. Ita kuwa ko yadda yake cin abinci haushi yake ba ta. Ta ci amanarsa da Rodolphe, ta sake ci da Léon, ta yi ta kwasar bashi wajen Lheureux mai kanti har aka zo ƙirga kayan gidan za a yi gwanjonsu. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ranar da ta ture 'yarta Berthe da gwiwar hannu, yarinya ta faɗi ta yanke a kunci.

Da aka ce mu rubuta sharhi, shafi shida na cika da Allah wadai. Malam ya miƙo mini takardar ya ce, "'Yata, kin gaya mini Emma ba ta da kirki. Wannan duk ajin sun sani. Ni tambayata, yaya aka yi kika tsane ta haka amma kika kasa ajiye littafin?" Na yi shiru, don kuwa sai da na kai asuba ina karanta ƙarshensa.

Na koma na sake bi a hankali, sai na fara ganin aikin hannu. Akwai wurin da ake bikin baje kolin amfanin gona. Rodolphe yana sama yana zuba wa Emma daɗin baki, a ƙasa kuma ana shelar waɗanda suka ci kyauta a kan taki da raguna da aladu. Marubucin ya saƙa muryoyin biyu layi bayan layi, kalmar soyayya ta faɗo, kalmar taki ta biyo. Bai ce mutumin nan mayaudari ne ba, kunnenka ne zai gaya maka. Haka ranar da Rodolphe ya rubuta mata wasiƙar rabuwa: ya tsoma yatsa a kofin ruwa ya ɗiga a kan takardar don ta zaci hawaye ne. Ɗigon ruwan nan ya fi shafukana shida tona asiri. Wajen shekara biyar Flaubert ya yi a kan littafin, yana karanta jimlolinsa da babbar murya don ya ji inda suka yi tuntuɓe.

A watan Janairun 1857 aka gurfanar da shi gaban kotu a Paris saboda littafin, bisa zargin ɓata tarbiyya da cin mutuncin addini, aka wanke shi a Fabrairu. Ɗaya daga cikin ƙorafin mai gabatar da ƙara shi ne babu kowa a cikin labarin da ya isa ya tsawata wa matar. Da na karanta haka jikina ya yi sanyi, don ni ma abin da nake nema ke nan: wani ya fito ya yi mata faɗa, in samu in ce ni ba irinta ba ce. Flaubert ya hana ni wannan mafaka. Ya bar ni a cikin kanta, ina jin yadda raina abin hannu ke fara cin mutum tun kafin ya aikata komai, kuma na san wannan ɗanɗanon a bakina.

Har yau ba na son Emma, ba zan so ta zama maƙwabciyata ba. A sharhina na biyu ban ma tsaya kan gubar da ta sha ta kashe kanta ba. Na tsaya kan Berthe, wadda bayan mutuwar iyayenta aka tura ta aikin masaƙar auduga don ta ciyar da kanta. A gajeriyar jimla marubucin ya faɗi wannan, ya wuce abinsa, ni kuma a nan na yi kuka.