Ɗan akwatin da ya cinye mana kasuwar Sallah

Har yau idan na buɗe saitunan WordPress, manhajar da na gina shafin intanet da ita, sai gabana ya faɗi. A ɓangaren saitin karatu, can ƙasa, akwai wani ɗan akwati wanda idan ka sa masa alama, ka ce wa injinan bincike ke nan su yi nesa da shafinka, kada su saka shi cikin jerinsu. Ni da hannuna na sa masa alama a watan Nuwamba na 2023, saboda ban so Google ya ga shafin da hotunan gwaji da farashin ƙarya kafin in gama gini. Dalilin mai kyau ne. Sai na manta da shi wata biyar cur.

Shafin na kawuna ne. Yana da shagon manyan riguna cikin Birnin Zariya, ba nisa da Ƙofar Doka, aikin hannu zalla: aska biyu, aska takwas, malum-malum, da huluna. Shekara da shekaru cinikinsa baki da baki ne, wannan ya gaya wa wancan, sai ɗan abin da ake turawa ta WhatsApp. Ni na dame shi da cewa akwai masu nema a Abuja da Legas da ma ƙasashen waje da ba su san hanyar shagonsa ba, kuma idan muka fito a Google kafin azumi, sai ya rasa hannun karɓar oda. Da ƙyar ya yarda. Da ya yarda kuwa bai tsaya rabi ba, ya ƙaro shadda, ya ba masu ɗinki kuɗin somin aiki, aka ɗora riguna goma sha biyu a kan na kullum. Wanda ya san aikin hannu ya san aska takwas ba a gama ta a mako ɗaya, don haka kuɗin sun daɗe da fita kafin a ga watan azumi.

Ni kuma na duƙufa. Ba zan ce ban yi aiki ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Kowace riga na ba ta shafinta, na rubuta mata kanu wanda bai wuce harafi sittin ba don kada Google ya yanke wutsiyarsa, na rubuta ɗan taƙaitaccen bayanin da ke fitowa ƙarƙashin kanu a sakamakon bincike. Hotunan da na ɗauka da waya kowanne ya kai megabait huɗu ko biyar, na bi su ɗaya bayan ɗaya na rage musu nauyi na mayar da su WebP, wani tsarin hoto mara nauyi, na sauya musu suna daga irin IMG_4412 zuwa sunan rigar da ke ciki. Dare nawa na raba ina wannan, wuta ta ɗauke in koma kan waya, data ta ƙare in sake saye. Na saka Yoast, manhajar da ke auna shirin shafi don injinan bincike, kuma duk shafin da fitilarsa ta koma kore sai in ji kamar na ci jarrabawa.

To ga inda wautar ta kai maƙura. Yoast ɗin ya gargaɗe ni. Akwai wani jan saƙo da ya riƙa fitowa yana cewa akwai babbar matsala, na toshe wa injinan bincike hanya. Da yake kullum manhajar tana tallata min in sayi ta kuɗi, sai na ɗauka wannan ma salon talla ne na tsoratarwa. Ban karanta shi har ƙarshe ba, na danna na ɓoye shi. Wallahi na ɓoye shi da kaina, har ina jin haushin yadda suke takura wa mutum.

Aka fara azumi cikin watan Maris na 2024, shiru. Na riga na ji a wajen masu koyarwa cewa sabon shafi yakan ɗauki watanni kafin ya taso, to wannan maganar ita ta zame min bargo. Duk sanda zuciyata ta raya min akwai matsala sai in ce haƙuri ake yi. Kawu ba mai yawan magana ba ne. Bayan shan ruwa, muna zaune kan tabarma ƙofar shago, sai dai ya ce, "Kai ɗan nan, mutanen intanet ɗin naka har yanzu suna hanya?" In ce, "Suna tafe, Kawu, in sha Allahu." Ya ce, "To Allah ya kawo su lafiya." Da zagi ya yi da ya fi min sauƙi.

Aka yi Sallah ranar 10 ga Afrilu. Aka yi hawa, gari ya cika, kowa ya fito da tasa rigar, namu goma sha biyun nan guda uku kawai suka fita, su ma tsofaffin abokan cinikin Kawu ne suka ɗauka. Tara na ninke cikin leda a kan kanta. Ko leƙa shagon ban so yi ba a makon nan.

Bayan Sallah da kwana biyar na je Samaru kai wa ƙanwata saƙo, tana karatun kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello. Ina ba ta labari ina ƙorafin Google ba ya son ƙananan 'yan kasuwa, sai ta karɓi wayata, ta rubuta site: a akwatin binciken Google ta liƙa adireshin shafin a gabansa babu tazara, ta danna don ganin shafukanmu da ke cikin jerinsa. Babu ko ɗaya. Fari fat. Ta ce, "Yaya, ai ba ƙasa kake ba, ba ka cikin layin ma gaba ɗaya." Ta buɗe shafin a kwamfutarta, ta shiga rubutun da ke bayansa, ta nemo kalma guda, noindex, wato umarnin da ke hana Google saka shafi cikin jerinsa, ta juyo min da allon. Tana ta ƙoƙarin danne dariya saboda girmana, ni kuwa zufa ce ke keto min. Cire alamar bai ɗauke ni daƙiƙa biyar ba. Daƙiƙa biyar, a kan wata biyar da riguna tara.

Sai ta tambaye ni me Search Console, wurin da ake duba yadda Google ke ganin shafinka, ke nuna min. Na ce ban buɗe ba tukuna, ina jira in gama gyara komai. Nan ma ta yi shiru irin na ladabi. Kyauta ne, na Google ne, kuma da na haɗa shi tun ranar farko da rahoton shafuka ya faɗa min ƙarara cewa an tsame su ne saboda noindex. Duk wanda ya zo min yanzu da maganar SEO, wato gyaran shafi don ya fito a bincike, kafin ya buɗe baki kan kalmomin bincike nake cewa ya rubuta site: a gabana mu gani, sannan ya nuna min Search Console ɗinsa. Idan babu, babu sauran zance.

A ranar muka haɗa shi, muka miƙa wa Google taswirar shafi, wato jerin adireshin shafukanmu, na bi manyan shafuka da kayan duba adireshi ina roƙon a shigar da su. Cikin 'yan kwanaki suka fara bayyana, wasu sai da suka yi mako biyu. Daga nan ne fa karatun gaske ya soma, domin rahoton ya fara nuna min ainihin abin da mutane ke rubutawa kafin shafinmu ya gilma a gabansu, kuma ya sha bamban da abin da na zauna na ƙirƙira a ɗaki.

Ni na bi Hausar littafi, ko'ina "babbar riga". Mafi yawan masu neman da na gani "babban riga" suke rubutawa, wasu "babariga" a haɗe, na kudu kuma "agbada". Abin dariya, mu Zazzagawa da ake wa tsiyar ba mu raba mace da namiji a magana, ni ne na tsaya gyaran nahawu, kasuwa kuma ta bi bakinmu na gida. Ban watsar da daidaitacciyar Hausa ba, amma na sake kanun ya ɗauki yadda ake nema, cikin bayani kuma na ambaci sauran sunayen sau ɗaya a inda ya dace, kamar yadda Kawu zai faɗa wa baƙo cewa wannan ita Yarbawa ke kira agbada. Haka haruffa masu lanƙwasa. Kusan babu mai rubuta "ɗinki" ko "ƙube" da ƙugiyarsu a akwatin bincike, allon wayar yawancin mutane ma ba shi da su. Cikin jikin rubutu na bar su yadda suke, amma a adireshin shafi na daina sa su, don idan ka kwafa ka tura WhatsApp sai harafin ya rikiɗe ya koma alamar kashi cikin ɗari da lambobi, ya yi kama da saƙon 'yan damfara. Waɗanda na riga na yi da su na sauya, na sa turawa ta 301 daga tsohon zuwa sabo, kuma na danna kowane tsohon adireshi da hannuna na tabbatar ya kai. Bayan abin da akwati ya yi min, ba na ƙara yarda da "ai na yi" sai na gani da idona.

Wani abin da na gano, koren fitilar nan da nake alfahari da ita ta ɓata min rubutu. Don in gamsar da ita na riƙa cusa "babbar riga Zariya" a kowane layi, har shafi ya koma kamar karatun aku. Fitilar ba ta Google ba ce, ma'aunin manhajar ne kawai. Haka jerin kalmomin ɓoye da na ɓata dare biyu ina tarawa a bayan kowane shafi, ashe tun 2009 Google ya sanar ba ya amfani da su wajen jera sakamako. Na goge shirmen, na je na zauna da Kawu da littafi, na ce ya faɗa min abin da mai saye ke tambaya kafin ya biya. Nan take ya zubo: yadi nawa ta ci, wace irin shadda ce, zaren tsamiya ne ko na kanti, aikin hannu ne ko na keke kuma ta yaya za a bambance, mako nawa kafin a gama, yaya ake wanke ta aikin bai lalace ba, an kai ta bugu ko ba a kai ba. Kowace tambaya na mayar da ita ƙaramin kanu a ƙarƙashin babban kanu guda ɗaya, amsar kuma da bakin Kawu kusan kalma da kalma. Shafin da na yi kan yadda ake gane aikin hannu daga na keke, da hoton bayan ɗinkin a kusa inda ake ganin ƙullin zare, shi ne ya fi kowanne jawo mutane, alhali babu abin sayarwa a cikinsa. Daga shi na ja mahaɗai zuwa shafin kowace riga, kuma maimakon "danna nan" na rubuta sunan rigar a kan mahaɗin.

Aikin hotunan dai bai tafi a banza ba. Google da sigar waya yake auna shafi, kuma a ma'auninsa ana so babban abin da ke saman shafi ya bayyana cikin daƙiƙa biyu da rabi. Na gwada da PageSpeed Insights, kayan auna saurin shafi na Google, amma gwajin da na fi yarda da shi shi ne in tsaya cikin shagon, inda sabis ke wahala saboda kaurin bangon ƙasa, in buɗe da tsohuwar wayar yaron shago. Idan ta buɗe a nan, za ta buɗe a ko'ina. Bayanin da ake rubuta wa kowane hoto ma na gyara shi ya zama abin da makaho zai ji ya gane, misali farar riga ta shadda mai aska takwas da zaren tsamiya, kuma ta binciken hotuna mutane da dama suka iso mana.

Odar farko ta Google ta shigo ƙarshen watan Mayu, wani mutum daga Fatakwal yana son rigar ɗaurin auren ɗansa. Na tambaye shi inda ya same mu, ya ce nema ya yi kawai ya gani. Na karanta saƙon ya fi sau biyar. Kafin babbar Sallah a tsakiyar Yuni biyar daga cikin taran nan sun fita, sai dai a tsakanin nan shadda ta ƙara kuɗi, abin da aka samu bai isa a maye gurbinsu a farashin da ba. Kasuwar azumi kuma ita ce kasuwa, babbar Sallah kuɗin mutane na wajen rago.

Sai bayan Sallar na samu ƙarfin halin gaya wa Kawu gaskiyar abin da ya faru, don da na bar shi a kan cewa Google ne mai jinkiri. Na yi ta kewaye-kewaye ina neman yadda zan fassara masa noindex. Ya saurara har na gama, yana warware zare bai ɗago ba, sannan ya ce, "Wato ka share shago, ka jera kaya, ka kunna turare, ka kulle ƙofa ta ciki ka zauna jiran masu saye." Na ce, "Haka ne, Kawu." Ya ce, "To miƙo min almakashin nan."

Huɗun da suka rage, uku sun tafi daga baya. Ɗayar, ruwan toka mai aska biyu, ya ce in ɗauka, zai riƙa cirewa a ladan aikina. Bai gama cirewa ba har yanzu.