Motar da ke kallon fuskokinmu a Croydon

Jiya na raka yayata sayayya a Croydon, kudancin Landan. Muna fitowa daga shagon kifi sai ga motar 'yan sanda a gefen titi, an ɗora mata kyamarori a kai, ga allo an kafa yana sanar da cewa ana tantance fuskoki. Ban san lokacin da na gyara hulata ba, kamar wanda za a ɗauka hoton fasfo.

Yaya ta ce, "Kai dai tafi, me ka yi?" Ban yi komai ba, wallahi. Amma na'urar ba ta tambaya. Tana mayar da fuskarka lambobi, ta gwada da jerin waɗanda ake nema, in ba ka ciki su ce an goge nan take.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne Robert Williams, baƙar fata ɗan Amurka da 'yan sandan Detroit suka kama a ƙofar gidansa a 2020, a gaban matarsa da 'ya'yansa mata, saboda kwamfuta ta ce ya yi kama da ɓarawon agogo. Ya kwana a tsare, ashe ba shi ba ne. A shekarar 2020 ɗin dai, a Birtaniya, kotun ɗaukaka ƙara ta ce yadda 'yan sandan kudancin Wales ke amfani da fasahar ya saɓa wa doka.

Wani matashi a gabanmu ya ja hular rigarsa ya rufe fuska. Na ga ɗan sanda ya bi shi da ido har ya sha kwana.